Yadda Na Haɗa Bidiyon Motar Valkyrie da Hausa

Masu haɗa bidiyon manyan motocin gudu, na Turai da namu na gida, yawancinsu lambobi suke jerowa: ƙarfin doki nawa ne, daƙiƙa nawa motar take ɗauka kafin ta kai gudun kilomita 100, dala miliyan nawa ake sayar da ita. Ina cikin masu wannan harka, ina haɗa gajerun bidiyoyi da Hausa a kan motocin da ban taɓa riƙe sitiyarinsu ba, kuma mafi yawan masu kallona ba su sa ran riƙewa. Da na zo kan Aston Martin Valkyrie sai na yanke shawarar bin wata hanya dabam, domin na lura cewa a majalisar da muke zama da yamma babu mai tuna lamba bayan kwana biyu, amma duk wanda ya ji sunan motar sai ya ce ai ya san shi a wani fim. Na so in bi sunan har tushensa, in kuma gane abin da kamfanin yake sayarwa da shi.

Ita dai motar, kamfanin Aston Martin na Ingila ne ya ƙera ta tare da injiniyoyin ƙungiyar tseren motoci ta Red Bull, kuma Adrian Newey, wanda ya yi suna wajen zana motocin tseren Formula 1, shi ne ya tsara siffarta. An fara nuna ta a 2016 da lambar AM-RB 001, sai a 2017 aka raɗa mata suna Valkyrie, bisa al'adar kamfanin ta sanya sunayen da suke farawa da harafin V, kamar Vantage da Vanquish da Vulcan. Injinta na kamfanin Cosworth ne, mai silinda 12 da girman lita 6.5, ba shi da turbo (na'urar da hayaƙin inji ke juyawa domin ta cusa masa ƙarin iska), kuma yana juyawa har sau 11,100 a minti ɗaya. Shi kaɗai yana ba da ƙarfin doki 1,000, idan aka haɗa da na'urar lantarkin da ke taimaka masa jimillar takan kai 1,160. Guda 150 kawai aka ƙera na samfurin farko mai rufaffen sama. Waɗannan bayanai ba su ci mini fiye da daƙiƙa 40 a bidiyon ba.

Abin da ya ci lokaci shi ne labarin da ke bayan sunan. A tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na dā, wato kakannin mutanen Norway da Sweden da Denmark da Iceland, Valkyrie wasu mata ne da Odin, babban abin bautarsu, yake aikawa fagen fama domin su zaɓi waɗanda za su mutu daga cikin mayaƙa, su kai su wani ƙaton zaure da ake kira Valhalla. An ce zauren yana da ƙofofi 540, kuma mayaƙan da ke ciki suna wuni suna gwabzawa a tsakaninsu, da dare su taru su ci su sha, matan suna zuba musu abin sha, har zuwa ranar yaƙin ƙarshe da suke kira Ragnarok. Mafi yawan abin da aka sani game da wannan ya zo ne ta rubuce-rubucen ƙasar Iceland, musamman na Snorri Sturluson, wanda ya tattara labaran wajajen shekarar 1220, fiye da shekara 200 bayan mutanen ƙasar sun karɓi Kiristanci. Ke nan wanda ya adana mana labarin shi kansa ba mabiyin wancan addini ba ne, marubuci ne da yake son matasan mawaƙan zamaninsa su fahimci salon waƙoƙin magabatansu.

Da na gwada karanta wannan sashe ga abokaina kafin in naɗi murya, sai na gane cewa Valkyrie ɗin da suka sani dabam ce. Wasu sun san ta a fim ɗin Thor: Ragnarok na 2017, inda take mace ɗaya jaruma mai takobi tana yaƙi a gefen jarumin fim ɗin. Wasu kuma sun san Valhalla a Mad Max: Fury Road na 2015, inda samari masu bautar injin mota suke fesa fenti mai ƙyalli a bakinsu kafin su afka wa mutuwa, da fatan a buɗe musu ƙofar zauren. Babu ko ɗaya da ya san cewa a tsohon labarin aikin waɗannan mata shi ne zaɓar wanda zai mutu. A ganina kamfanin ma wannan siga ta fim yake sayarwa, ta ƙarfi da sauri da jarumta, domin da wuya a samu attajirin da zai zuba miliyoyi a kan mota yana tunanin an sa mata sunan masu ɗaukar gawa daga fagen yaƙi. Wannan giɓi tsakanin tsohon labari da na fim shi ne ya zama ƙashin bayan bidiyon, kuma shi ne ya fi jawo muhawara bayan na saki aikin.

Akwai wani lamari da mai yin irin wannan aiki da Turanci ba ya tsayawa a kansa, amma mai yi da Hausa dole ya tsaya. Ba zai yiwu in buɗe baki in ambaci abubuwan bautar wasu mutane kamar ina ba da labarin wasan ƙwallo ba, alhali na san su wane ne za su saurare ni. Na kai rubutun wurin wani malami dattijo da ke unguwarmu, na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, ina son a duba mini wannan kafin in sake shi." Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mini, "Ɗana, mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, amma ka riƙa jingina kowace magana ga masu ita, kada ka bar mai sauraro ya rasa inda bakinka ya tsaya da inda nasu ya fara." Da wannan na sake tsara jimlolin, kowace ta fara da "a imaninsu" ko "suna cewa" ko "an ruwaito a tatsuniyarsu". Ya ɗan tsawaita bidiyon, amma ya hana zancen ya kauce daga mota ya koma gardamar addini.

Sai batun kiɗa. Duk wanda ya ji sunan Valkyrie kuma yana kallon finafinai, kiɗa ɗaya ne yake faɗo masa a rai, wato wanda Richard Wagner, mawaƙin Jamus, ya tsara a wasansa Die Walküre da aka fara nunawa a birnin Munich a 1870. Mafi yawan mutane ba a gidan wasa suka san shi ba, a fim ɗin Apocalypse Now na 1979 suka ji shi, inda jirage masu saukar ungulu na sojojin Amurka suke kunna shi ta lasifika suna luguden wuta a kan wani ƙauye na Vietnam. Na so in shimfiɗa shi a ƙarƙashin muryata tun daga farko, amma abu biyu suka dakatar da ni. Na farko haƙƙin mallaka ne. Wagner ya rasu a 1883, saboda haka kiɗan da ya rubuta ya zama na kowa, amma kowane naɗi da wata ƙungiyar makaɗa ta yi yana da masu shi, kuma manyan dandalin bidiyo suna da manhajar da take gane sauti da kanta, ta karkatar da kuɗin talla zuwa ga mai naɗin ko ta toshe bidiyon. Na biyu kuwa, da na sake kallon wancan sashe na fim ɗin, na ga mata da yara 'yan makaranta suna gudun neman mafaka, sai na ji ba na son in ari wannan kiɗa domin in ƙawata motar attajirai. Na ambace shi da baki a jimla biyu, na bar shi a nan.

Abin da ya maye gurbinsa shi ne kukan injin da kansa, kuma wani bakanike da nake kai wa motata ne ya nuna mini darajarsa. Na kunna masa sautin a waya a bakin garejinsa, hannunsa duk baƙin mai, ya sa na maimaita, sannan ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba kukan mota ba ne, kamar injin markaɗe ne da ya kufce wa mai shi." Ya buɗe ƙofar wata mota da ke gefe ya nuna mini agogon juyin inji, inda jan layi yake farawa wajajen 6,500, ya ce ko direban da ya fi kowa ganganci ba ya kai allurar nan sai da gangan. Daga nan muka zauna muka yi lissafi a bayan wani kwali. A inji mai bugu huɗu, kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya ne a juyi biyu, saboda haka mai silinda 12 yana kama wuta sau 6 a kowane juyi. Idan ya kai juyi 11,100 a minti, wutar tana tashi sau 1,110 a daƙiƙa ɗaya, alhali motar gida mai silinda 4 da ke tafiya a juyi 3,000 sau 100 kawai take yi. Wannan ne ya sa sautin yake da tsini haka, kuma rashin turbo ya bar hayaƙin yana fita ta salansa ba tare da wani abu ya danne shi ba. Ƙarar tana da yawa har masu tuƙa motar sukan toshe kunnuwansu da na'urar magana irin ta matuƙa jirgi. Na sa wannan lissafi a bidiyon yadda muka yi shi, da hoton kwalin.

A nan ne na fahimci wani abu game da kayan sauraron masu kallona. Kusan dukkansu da lasifikar waya suke ji, ita kuwa tana fitar da siririn sauti sosai amma tana haɗiye mai kauri. Kukan Valkyrie ya fito tsaf, amma da na gwada na Bugatti Chiron, mai silinda 16 da turbo 4, wanda gurnaninsa yake ƙasa ƙasa, sai ya koma kamar iska ce take kaɗawa. Tun daga lokacin ba na kammala tace bidiyo sai na saurare shi a ƙaramar waya a wuri mai hayaniya.

Bayan bidiyon ya fita mutane suka riƙa turo sunayen motoci suna neman a yi musu irinsa, kuma a nan ne ake bukatar taka tsantsan, domin ba kowane suna mai kama da na tatsuniya ne yake da alaƙa da ita ba. Da yawa sun dage cewa Chiron sunan halittar nan ce ta tatsuniyar Girka, rabi mutum rabi doki, wadda aka ce ta koyar da jarumin tatsuniyarsu Achilles. Bugatti kuwa Louis Chiron take nufi, direban tsere ɗan Monaco da ya ci gasar ƙasarsa a 1931 cikin motar kamfanin, kamar yadda wata motarsu, Veyron, ta samo suna daga Pierre Veyron da ya ci tseren Le Mans a 1939. Na Maserati gaskiya ne, mashi mai baki uku da ke tambarinta an ɗauko shi ne daga gunkin Neptune, abin bautar teku na Rumawan dā, da ke wani dandali a birnin Bologna na Italiya, inda aka kafa kamfanin a 1914. Haka Pagani Huayra ta 2011, wadda aka sa wa sunan abin bautar iska na mutanen tsaunukan Andes, kasancewar Horacio Pagani haifaffen Ajantina ne. Wani ma ya tambaya ko Honda Accord ta 2008 da dillalanmu suke kira Evil Spirit tana cikin jerin, na ce masa wannan suna a kasuwar Najeriya aka raɗa shi, kamfanin Honda bai san da zamansa ba. Na Maserati nake haɗawa yanzu, kuma na riga na kai wa Malam rubutun Neptune ya duba.