Hanyar da Tim Horton bai ƙarasa ba

Kwana uku da saukata a Toronto, sanyi ya hana ni sakat. Watan Fabrairu ne, kuma duk hunturun da na sani a Kano wasan yara ne a kan wannan. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Hamilton shi ya tarbe ni, kuma duk inda muka tsaya sai ya miƙo mini jan kofin takarda mai ɗumi da rubutu a jikinsa: Tim Hortons. A filin jirgi akwai shagon, a gidan mai akwai, a tashar jirgin ƙasa akwai. Gahawa ce da madara da sukari, sai wani irin fanke mai rami a tsaka da suke kira donat. A rana ta uku na tambaye shi wane ne mai wannan suna.

"Kawu, ai sunan kamfani ne kawai," in ji shi.

Shekara uku yaron nan yana shan gahawar kusan kullum. Na ce ya duba mini. Ya latsa waya, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Ashe mutum ne. Ɗan ƙwallon gora ne na kan ƙanƙara. Kawu, ya ma mutu tun 1974, a kan titin da nake bi in zan je Niagara."

Abin ya tsaya mini a rai. Sunan mutum yana hannun miliyoyin jama'a kowace safiya, amma mai riƙe da kofin bai san an taɓa yin mutumin ba. A daren na karanta abin da na samu a kansa, na kuma ce wa yaron ranar Asabar zai ɗauke ni mu bi hanyar da mutumin ya bi a darensa na ƙarshe, daga filin wasa har inda ƙarfinmu ya kai.

Mun fara daga Maple Leaf Gardens, a mahaɗar titin Carlton da Church. An buɗe ginin a 1931, kuma nan ne gidan Toronto Maple Leafs, ƙungiyar da Horton ya buga wa wasa, har zuwa 1999. Daga waje yana nan da bulonsa mai launin ƙasa, amma da muka tura ƙofa sai ga mu a cikin babban kanti: lemo, burodi, kifi, mata na tura keken sayayya. Yaron ya ja ni zuwa wani layi tsakanin kantocin kaya, ya nuna mini ƙasa. Jan ɗigo ne zagayayye a kan daɓe. Nan ne ainihin tsakiyar filin a da, inda alƙali ke sakin ƙwallo a fara wasa. Na tsaya a kansa da takalmina mai jiƙe da dusar ƙanƙara. Wata dattijuwa ta ratsa ta gefena da kwandonta, ta dube ni ta yi murmushi, da alama ta saba ganin baƙi suna tsayuwa a wurin.

A saman bene an bar ƙaramin fili a ƙarƙashin tsohon rufin, 'yan jami'a ke wasa a kai. A nan na fara ganin wasan ido da ido. Mutum shida-shida ne har da gola, kowa da takalmi mai ƙarfe siriri kamar wuƙa a ƙasa, da sanda mai lanƙwasa. Ƙwallon ba mulmulalle ba ne, baƙin faifan roba ne mai tauri, faɗinsa inci uku, kaurinsa inci ɗaya, kuma daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Abin da talabijin ba ya kawo maka shi ne ƙara: kartar ƙarfe a kan ƙanƙara, da "dim!" idan aka haɗa mutum da katanga da kafaɗa. Wannan bangaza halak ce a dokar wasan. Yaran da na gani duk suna da hular kwano da kariyar fuska. A zamanin Horton kusan kowa kai ba hula yake shiga.

Sunansa na yanka Miles Gilbert Horton. An haife shi ranar 12 ga Janairu, 1930, a Cochrane, wani garin jirgin ƙasa can arewacin Ontario, tafiyar wajen kilomita 700 daga Toronto. Ya taso a garuruwan ma'adinai, har da Sudbury, sannan aka kawo shi makarantar St. Michael's a Toronto saboda wasa. Ɗan baya ne, aikinsa tare hanya. Idonsa ba ya gani sosai, a waje da tabarau mai kauri yake yawo, amma abokan wasansa sun yi ittifaƙi a kan ƙarfinsa. Ba mai yawan dambe ba ne. Idan rigima ta tashi, sai ya rungumo abokin faɗan ya matse shi a ƙirji har ya saduda, irin kamun da 'yan kokawa suka sani. A Maris na 1955 Bill Gadsby na New York Rangers ya bangaje shi, ƙafa ta karye, muƙamuƙi ya karye, mutane da yawa suka ɗauka ya gama. Ya dawo. Daga 1961 zuwa 1968 ya buga wasa 486 a jere bai tsallake ko ɗaya ba, kuma da shi Toronto ta ɗauki Kofin Stanley, babban kofin wasan, sau huɗu: 1962, 1963, 1964 da 1967. Tun daga na 1967 ɗin ƙungiyar ba ta sake ɗaga kofin ba, abin da har yau yake ci wa mutanen garin tuwo a ƙwarya.

Mun bi ta bakin sabon filin ƙungiyar kusa da tashar Union, inda mutum-mutumin Horton na tagulla yake a jere da na sauran manya, muka kama babban titin QEW. Tafkin Ontario na hagunmu, toka-toka, ba ka ganin ƙarshensa. Muka wuce Oakville, muka hau doguwar gadar Burlington, sai ga hayaƙin masana'antun ƙarfe na Hamilton.

Shagon farko yana lamba 65 a titin Ottawa ta Arewa. An buɗe shi a watan Mayun 1964, shekarar da Horton ya ɗauki kofi na uku a jere. Tambayar da ta dame ni tun a mota ita ce, me zai sa zakaran da duk ƙasa ta sani ya koma suyar fanke? Amsar tana cikin yadda sana'ar take a lokacin. Ƙungiya shida ce kacal a NHL, babbar gasar wasan, daga 1942 zuwa 1967, masu ƙungiyoyin su ne wuƙa su ne nama, albashi kuma bai kai ya riƙe mutum bayan ya daina wasa ba. Manyan 'yan wasa kan nemi aikin rani idan kaka ta ƙare. Da wani ɗan wasa, Ted Lindsay, ya yi yunƙurin haɗa kan 'yan wasa a 1957, murƙushe shi aka yi, sai a 1967 ƙungiyar 'yan wasan ta tsaya da ƙafarta. Horton yana da mata da 'ya'ya mata huɗu, kuma ya riga ya ga yadda bangaza ɗaya za ta iya raba shi da abincinsa. Ya gwada sayar da motoci, ya gwada gidan abinci, ba su yi armashi ba. Gahawa da donat, kowanne santi goma, a garin da leburorin ƙarfe ke tashi aiki tsakar dare, ita ta karɓe shi. Wannan ya sa na ƙara ganin girmansa. Na san tsofaffin 'yan ƙwallo a gida waɗanda aka yi wa tafi a filin wasa, yau kuɗin magani yana gagararsu.

An rushe tsohon shagon an yi sabo mai bene, da mutum-mutuminsa a ƙofa. A sama an jera tsofaffin kayan aiki da rigunan ma'aikata da hotuna. A nan muka haɗu da wani dattijo farar fata, ya haura saba'in, da hular ƙungiyar Toronto da ta koɗe. Ya ga ina ƙura wa wani hoto ido, ya matso ya tambaye ni daga ina. Da na ce Najeriya, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce a masana'antar ƙarfe ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma yana yaro duk daren Asabar shi da mahaifinsa suna gaban talabijin baƙi da fari suna kallon Horton, mai riga lamba bakwai. Ya nuna mini da kafaɗarsa yadda Horton ke ɗauko ƙwallo daga bayan raga ya keto fili, kansa a sunkuye. Kofin hannunsa har ya fantsalo masa gahawa a yatsu, bai kula ba. Ya ce jikokinsa ma ba su san mutumin ya taɓa sa takalmin ƙanƙara ba. Ɗan ƙanwata ya sunkuyar da kai.

A bangon akwai labarin Ron Joyce, ɗan sandan Hamilton da ya ajiye kaki ya karɓi shagon, ya zama abokin tarayyar Horton a 1967. Bayan rasuwar, a 1975, Joyce ya sayi kason matar marigayin, Lori, a kan dala miliyan ɗaya da mota ƙirar Cadillac, lokacin shagunan sun kai wajen arba'in. Daga baya ta kai ƙara tana neman a warware cinikin, kotu ba ta ba ta gaskiya ba. Yau shagunan sun kai dubbai. Ni dai na jima ina tunanin matar nan, da 'ya'ya huɗu marayu, tana wuce sunan mijinta a kowace kusurwar titi.

Muka yi sallar Azahar da La'asar a ɗakin yaron, muka koma kan hanya. Daga Hamilton titin yana bin gefen tafki ta cikin gonakin inabi, duk sun bushe ƙayau, sanduna a jere cikin farar ƙasa. A nan na karanta wa yaron sauran labarin yana tuƙi.

Toronto ta sayar da shi ga New York a 1970, ya yi shekara ɗaya a Pittsburgh, sannan tsohon kocinsa Punch Imlach ya jawo shi Buffalo a 1972 don ya riƙe yaran sabuwar ƙungiya. Ya so ya ajiye wasa, Imlach ya lallashe shi da ƙarin kaka ɗaya, ya haɗa masa da motar tsere ƙirar Italiya, De Tomaso Pantera. Ranar 20 ga Fabrairu, 1974, Buffalo ta zo Toronto. Horton yana da shekara 44, muƙamuƙinsa a kumbure saboda ƙwallo ya same shi a wajen atisaye, duk da haka ya shiga fili. Aka ci su 4 da 2. Bai bi motar ƙungiya ba. Ya tsaya a ofishin kamfaninsu a Oakville wurin Joyce har dare ya raba, sannan ya kama hanyar Buffalo shi kaɗai. Wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, a St. Catharines, kusa da mahaɗar Lake Street, motar ta ƙwace masa tana gudun da ya wuce kilomita 160 a awa, ta yi ta ƙundumbala, ta wurgo shi waje. Bai ɗaura bel ba. Sai a 2005 rahoton binciken gawar ya fito fili, ya nuna barasar da ke jininsa ta ninka abin da doka ta yarda, ga kuma ƙwayoyi.

Ban ji daɗin karanta wannan ba, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana kare gola da jikinsa, ya buga wasa sama da 1,400, ya hau titin jama'a a wannan hali, kuma Allah ne ya tsare bai haɗa da wani ba. Amma akwai laifi a kan sana'ar da ta ɗauki shiga fili da rauni a matsayin jarumta, ta bar mutum ya nemi abin kashe zafi da kansa. An binne shi a maƙabartar York a Toronto, aka sa shi a zauren karrama gwanayen wasan a 1977, Buffalo ta jingine lambar rigarsa, lamba biyu, a 1996 don karrama shi.

Da allon Lake Street ya bayyana na ce wa yaron ya sauka daga babban titin. Muka ajiye mota a wani fili, muka taka zuwa inda ake hango titin. Manyan motoci na wucewa suna watso ruwan gishiri, gaba kaɗan ga gadar da ta haye mashigin Welland. Ban ga wata alama ba. Iska ta sa hawaye suka zubo mini, na kasa tsayawa fiye da minti biyar. Yaron ya cire safar hannunsa ya ba ni na ɗora a kan tawa.

Muka ƙarasa Fort Erie gab da magariba. Ba ni da bizar Amurka, don haka a bakin kogin Niagara tafiyarmu ta tsaya. Ga gadar Peace Bridge, ga fitilun Buffalo a tsallake sun fara kamawa, kusa ƙwarai, har ana iya ƙirga benaye. Daga inda ya faɗi zuwa nan, mun yi ƙasa da awa ɗaya.

Mun yi sallah a gefen mota a kan kwali, yaron ya shiga shago ya sayo mana kofi biyu. Ya jima yana jujjuya nasa kafin ya kurɓa.

"Kawu, da wane suna 'ya'yansa suke kiransa a gida?" ya tambaye ni.

Na ce Baba mana, kamar kowa. Ya tayar da mota muka juyo cikin duhu. Da muka sake kawowa Lake Street na ji ya ɗaga ƙafa daga totur, ya koma layin dama, bai ce komai ba har muka hango hayaƙin Hamilton.