Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda?

Ranar da na kai wa Umma tikitin Umararmu a gidanta na Gwammaja, ba ta tambayi kuɗi ba, ba ta tambayi masauki ba. Ta dube ni ta ce, "Kai wannan, awa nawa za mu yi a sama?" Ni ne ɗan farinta, har yau ba ta kama sunana. Gwiwa ce damuwarta, dogon zama yana wahalar da ita.

Na duba takarda: tashi ƙarfe 10 na dare, sauka biyar saura na asuba. Na ce mata, "Kusan bakwai, Umma." Ta yi shiru tana jan carbi. Sai da na isa gida na tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, kuma lokacin saukar da aka rubuta nasu ne. Washegari da sassafe na koma na gyara magana: ba ma za mu cika awa 5 ba.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe. Jirgin fasinja yakan ci sama da kilomita 800 a awa, sai a ƙara lokacin hawa da na sauka. A 2022 muka yi wannan tafiya, hanya kuwa a miƙe take: Chadi, Sudan, Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan shekarar sai da suka yi zagaye. Don haka mai shirin tafiya da tsoho ya tambayi ta inda jirginsa zai bi, ya kuma tabbatar ko akwai yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa, domin wannan kaɗai na iya cinye yini guda.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne cikin dare. Ina nuna wa Umma taswirar da ke jikin kujera, ɗan jirgin yana rarrafe a kan Sudan, sai ta kama hannuna. Ta ce kakanta ta nan ya bi da ƙafa da jaki. Daga Maiduguri ya shiga Chadi, ya ratsa Darfur, yana tsayawa ya yi noma ko ɗinki ya tara guzuri, har ya kai Sawakin ya hau jirgin ruwa. Shekara bakwai kafin ya dawo Kano. Ƙaninsa da suka fita tare bai dawo ba, can ya yi aure ya zauna, kamar dubban Hausawan da jikokinsu ke Sudan har yanzu.

Ta sa na ɗaga murfin taga. Babu abin da ake gani sai duhu, amma ta daɗe tana kallon ƙasa tana yi musu addu'a, har aka sanar cewa mun kusa mikati, mu yi niyya.