Kwana huɗu a bakin tafkin Lagdo

Mun bar Garwa, a arewacin Kamaru, da hantsi, hazon hunturu bai gama washewa ba. Mu uku ne a motar: ni, da abokin aikina Bafulatani wanda zai riƙa zama da maza, sai direba. A kan gadar Binuwai garken shanu ya tsare mu, na leƙa ƙasa na ga ruwa ya ja baya, yashi ya fito fari fat, masu wanki sun baza shanya a kansa. Wata ƙungiya ce ta aike mu wata tungar masunta a gefen tafkin Lagdo, mu tambayi mutane abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, mu rubuta, mu kawo. Sunan tungar ba zan faɗa ba, domin na yi wa mutanenta alkawarin haka.

Hanyar ba ta da nisa. Lokacin cinikin auduga ne, kowane ƙauye muka wuce sai mu ga an tsiba ta kamar tudu ana jiran motocin kamfanin auduga na Sodecoton. Da muka saki babban titin Ngaundere muka karkata hagu, duwatsu suka fara tasowa, can sai ga ruwa ya shimfiɗu iyakar ganin ido.

Duk wanda ya tashi a Garwa ya san sunan Lagdo tun yana ƙarami, domin wutar gidansu daga nan take fitowa. An gina madatsar ruwan Lagdo tsakanin 1977 da 1982, zamanin Ahmadu Ahijo, da taimakon ƙasar Sin, injinanta huɗu na iya ba da megawat 72. 'Yan uwanmu na Yola kuma da wata fuska suka san ta, tun ambaliyar 2012 da aka buɗe ƙofofin ruwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda tafkin ya tara jama'a. Kifi ya jawo Hausawa da Musgum da Kotoko da Larabawan Shuwa, wasu daga Najeriya, wasu daga Cadi, har da na Mali. A tungar da muka sauka na ƙirga harsuna biyar kafin azahar, Fillanci ne ke haɗa su a kasuwa.

Sai da muka biya ofishin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gundumar, aka buga wa takardarmu hatimi, sannan muka nufi ƙofar jauro, wato mai gari, da ƙullin goro. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka tara magidanta a ƙarƙashin darbejiya. Abokin aikina ya yi bayani, wani dattijo ya miƙe ya ce buƙatarsu rijiyar burtsatse ce da gyaran hanya. Na biyu ya maimaita, na uku ma haka, har mutum na goma sha. Ba ƙarya suka yi ba, ruwan tafki suke sha, hanyar kuma da damina babur ma da ƙyar yake bi. Amma wannan ita ce maganar da ake iya yi a gaban shugaba da surukai da mai bin ka bashi. Da mun naɗe littafi a nan mun juya, da rahotonmu ya fito tsaf, babu muryar mace ko ɗaya a ciki.

Jauro ya haɗa ni da ɗan ƙanensa ya riƙa nuna mini gidaje. Karamci ne, na kuma gode. Sai dai duk inda yaron ya tsaya, kunnen jauro ne ya tsaya. Al'adarmu ce ta fisshe ni: da muka isa gida na farko na ce masa, “Ƙanena, nan cikin mata ne, ka jira ni a inuwa.” Bai yi musu ba.

Cikin gidan hayaƙi ne ya fara tarbata. Wata tsohuwa na zaune a kan kujera 'yar tsugunno gaban murhun banda, rabin ganga ce aka ɗora wa ragar waya. Tana ɗaukar tarwaɗa ta lanƙwasa ta, ta soka tsinke ya haɗa wutsiya da kai, ta jera. Hannunta ya yi baƙi har gwiwa, idanunta jawur, hawaye na bin kuncinta ba ta ko sharewa. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta, muka yi ta gaisuwa har kan jikoki da sanyin bana, sannan ta tura mini tabarma da ƙafa.

A jakata akwai takardar neman yarda, shafi biyu, da Faransanci. Ban fito da ita ba tukuna. Na faɗa mata da baki wanda ya aiko ni, da inda maganarta za ta je. Na ce ba zan rubuta sunanta ba. Na ce tana iya cewa a'a tun yanzu, tana iya tsallake tambayar da ba ta so, tana iya sallamata a tsakiyar hira, kuma babu abin da za a hana ta ko gidanta saboda haka.

Ta juya kifi ɗaya, ta ce, “To 'yar nan, me za ku kawo mana?”

Duk mai wannan aiki ya san wannan gaɓar. Kalma ɗaya ce, in ka ce “in Allah ya yarda za a yi muku rijiya,” bakin kowa zai buɗe, har maƙwabta su yi layi. Amma alkawari kaya ne, kuma ba ni ke riƙe da kuɗin ba.

Na ce, “Inna, ban zo da komai ba. Aikina in ji, in rubuta, in kai. Ko za a yi wani abu ko ba za a yi ba, ba a hannuna yake ba.”

Ta daɗe tana kallona. Ta ce an sha zuwa. Wasu sun ƙirga ɗakuna, sun ɗauki hoton jikokinta ba riga, sun ce sai sun dawo, har yau shiru. Da na nuna mata inda ake dangwala yatsa sai ta janye hannunta cikin zane. “Ni a sanina,” in ji ta, “ba a dangwala yatsa sai wurin zaɓe ko wurin cin bashi.” An ba mu damar karɓar yarda ta baki a gaban shaida, don haka na ce ta zaɓi wanda take so. Ta kira matar ɗanta, ta ce ta yarda a gabanta, sannan ita da kanta ta ce wa yarinyar ta je ta duba tukunya. Ta nuna wayata da haɓa. Na kashe ta tana gani, na jefa cikin jaka, na tura jakar ƙarshen tabarma. Daga nan ne hira ta fara.

Ba ta fara da rijiya ba. Ta fara da naƙudar dare. A tungar ungozoma ɗaya ce, ta tsufa, ba ta gani sosai. In haihuwa ta zo da gardama, sai a nemi babur ko kwalekwale zuwa asibitin Lagdo, kuma mai inji ba ya tashi sai an ba shi kuɗin mai a hannu. Ta yi maganar yaran da ke fitsarin jini, tsargiya ke nan, wadda ake ɗauka ta hanyar wanka da wasa a ruwa mai dodon koɗi, har wasu iyaye sun ɗauke ta alamar balaga ce ga ɗa namiji. Sannan ta sauke murya ta yi maganar bashi: dillali ya ba ka kalli da ƙugiya a kan bashi, shi zai sayi kifinka, shi kuma zai yanka farashi. Cikin kwana uku na shiga gida goma sha bakwai, waɗannan abubuwa uku suka yi ta dawowa a bakin matan da ba su ji abin da 'yar uwarsu ta faɗa ba.

Mata biyu sun ƙi. Ɗaya ta ce mai gidanta ba ya nan, ɗaya ta ce kawai ba ta so. Na yi musu godiya na fita. Har zuciyata na ji daɗin wannan ƙin, domin shi ya tabbatar mini an fahimci bayanina. Inda kowa ya ce e, ni ina zargin tsoro ne ko kunyar baƙo ke magana.

Da dare mukan koma Lagdo mu kwana. Muna cin soyayyar karfasa da tuwon masara da miyar yakuwa, wadda a nan ake kira folere, abokin aikina ya ba ni labarin wani malamin allo da ya tare shi da tambaya: za a ɗebi jinin yara? Ya ce masa a'a, magana ce kawai. Malamin ya ce shi mutumin ƙasar Kano ne, bai manta ba. Abin da yake nufi sananne ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, yara kusan 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi shekaru ana shari'a. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a wasu jihohin arewacin Najeriya a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Mu ba likitoci ba ne, biro da littafi kawai muka riƙo, amma ga shi tabon ya haye iyaka ya riga mu isa bakin tafki. Can cikin dare na ji gurnanin dorina daga wajen ruwa, na kasa barci, ina ta juya maganar malamin.

Rana ta uku ce ta fi yi mini nauyi. Wata matashiya tana cikin amsa tambayar kasuwa sai ta shiga labarin wani kuɗi da ake karɓa a bakin ruwa kafin a bar mutum ya sauke kifi, ba rasit, da abin da ya same ta ranar da ba ta da shi. Muryarta ta fara rawa. Na rufe littafi na ajiye biro, na ce mu tsaya. Muka yi shiru, ta sha ruwa, ita ta ce a ci gaba. Da na koma masauki na duba abin da na rubuta, sai gabana ya faɗi. Babu suna, amma na sa ƙabilarta, da yawan 'ya'yanta, da irin kifin da take saye. A garin da bai kai gida ɗari ba, cire suna bai isa ba. In ka rubuta, a misali, “wata bazawara mai tagwaye,” ai ka riga ka kira ta da sunanta. Na sake rubuta shafin na cire duk wata alama, na ƙona na farkon. Da safe na koma wurinta na karanta mata, na tambaye ta ko in saka ko in bari. Ta ce in saka, amma kada in ambaci mashigar da abin ya faru.

A wannan safiyar ne kuma na tarar da yaro a wani gida jikinsa zafi rau, yana fizge-fizge. Ban buɗe littafi ba. Direba ya kai shi asibiti tare da uwarsa, na kuma faɗa mata a fili cewa wannan ba ladan hira ba ne, ko ta yi magana da ni ko ba ta yi ba za a kai shi. Ban koma gidan da tambaya ba.

Ranar tafiya muka sake taruwa a ƙarƙashin darbejiya, wannan karon mata na zaune daga gefe bayan zana. Muka karanta abin da muka ji, da Hausa da Fillanci, ba sunan kowa: ruwan sha, hanya, naƙudar dare, tsargiya, bashin dillalai, kuɗin bakin ruwa. Muka ce duk wanda ya ga mun yi kuskure ya gyara mana. Wani ya gyara mana kuɗin man kwalekwale, ya ce mun rage.

Bayan an watse jauro ya kira mu cikin zaure. Ya ce maganar bakin ruwa ta dame shi, yana so ya san wanda ya faɗa domin ya bi masa haƙƙinsa. Ya miƙo hannu wajen littafina. Na yarda da niyyarsa, har yanzu ma na yarda. Na sunkuyar da kai na ce, “Ranka ya daɗe, kai uba ne gare mu, kai ka buɗe mana gari. Amma kowane gida na shiga sai da na ce maganarsu amana ce. In na ba ka, gobe ko kai ka aiko ni ba mai buɗe mini baki.” Abokin aikina ya maimaita da Fillanci cikin ladabi. Jauro ya yi shiru yana jan carbi, har na ji bugun zuciyata. Can ya janye hannunsa, ya ce shi ma zai sa ido a bakin ruwan da kansa, ya sa mana albarka.

Mun shiga mota ke nan sai ga tsohuwar nan mai banda tana tafe da ƙunshi a takardar siminti. An hore mu kada mu karɓi kyauta daga waɗanda muka yi hira da su, amma mayar da hannun tsohuwa a gaban jama'a cin fuska ne, kuma hira ta riga ta ƙare. Na karɓa da hannu biyu na durƙusa.

“'Yar nan,” ta ce, “in kin kai, ki dawo ki faɗa mana abin da suka ce. Ko babu ce, ki zo ki faɗa.”

Na ce, “Wannan kam a hannuna yake, Inna. Zan zo.”

Kafin mu hau kwalta na buɗe bangon littafin na rubuta ranar komawa, mako shida daga ranar. Ƙamshin banda ya cika motar har muka hango fitilun gadar Binuwai.