Inda na kai da tsohon injin kwale-kwalen nan

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon gyaran injin ruwa. Injin nan mai doki 15 da nake fama da shi a nan Yauri ya tashi, har yana tsayawa a silo ba sai an riƙe masa totur ba. Tsoho ne, mai silinda biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da mai a tanki ɗaya, kuma ya daɗe a jingine kafin ya zo hannuna. Ciwo biyu ne ashe a jikinsa, ɗaya a wuta ɗaya a mai. Yakan tashi da cok, da an mayar da cok ya mutu. In kuwa an danna totur kafin ya mutu, sai ya yi ta girgiza, ba ƙarfi.

Na fara da wuta, kuma ina roƙonku ku riƙa farawa da ita, don ba a kwance komai sai fulogi. Na sama ya fito a bushe, ruwan ƙasa-ƙasa. Na ƙasa ya fito jiƙe sharkaf yana warin fetur, alamar mai yana isa amma ba ya ƙonewa. Na musanya su na sake tayarwa, na ƙasa ne dai ya sake jiƙewa, ke nan laifin ba na fulogi ba ne. Abin da ke ruɗin mai koyo a nan shi ne, in ka jingina fulogin a jikin inji ka ja igiya, za ka ga ɗan tartsatsi, ka ce wuta lafiya. A sarari wuta mai rauni ma tana tsallakawa, amma cikin silinda, inda iska take a matse, sai ta kasa. In CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, yana lafiya, wutar tana tsallake tazarar milimita 7, shuɗiya mai ƙara. Wutar silindar ƙasa ja-ja ce, kuma ba ta kai ba.

Da na murɗe hular fulogin daga wayarta, bakin wayar ya yi kore da tsatsa, har yana marmashewa a yatsa. Na yanke kamar santimita ɗaya sai jan ƙarfe mai tsabta ya bayyana, na sa sabuwar hula. Wuta ta dawo daidai da ta sama. Kada ku ja igiya wayar fulogi tana reto ba ta taɓa jikin inji ba, hakan na iya lalata CDI, kuma kun san kuɗinsa. Wanda bai ga wuta ko ɗaya ba a duka biyun, ya fara cire wayar makashin inji ya gwada kafin ya zargi koyil, wato naɗin wayar da ke ba fulogi wuta. A Yamaha farar waya ce. Masu Yamaha Enduro 15 kuma, fuloginku NGK B7HS-10 ne, tazarar bakinsa milimita 0.9 zuwa 1.

Bayan wannan girgiza ta tafi, amma mutuwa in an mayar da cok tana nan. Cok iska yake ragewa don mai ya yi yawa, saboda haka injin da ba ya rayuwa sai da shi yunwar mai yake ji. Na duba masu sauƙi tukuna: numfashin murfin tanki a buɗe yake, kibiyar famfon hannu tana kallon inji, tiyo bai tsage ba. Na tsiyaye kwanon kafireta, wato inda mai ke gauraya da iska, a farar kwalba, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasan fetur, da wani jan laka-laka.

Kafin na cire sukurun silo na murɗa shi ciki a hankali ina ƙirga juyi har ya zauna, na rubuta a jikin bango, don in mayar da shi inda yake. Babban jet, wato ɗan sukuru mai rami da mai ke bi ta cikinsa, a buɗe yake. Ƙaramin, wanda ke ciyar da inji a silo, da na ɗaga shi sama ko ɗigon haske ba ya wucewa, tsohon fetur ya daskare a ciki kamar ƙaro. Na jiƙa shi a ruwan wankin kafireta, na zura silin jan waya guda ɗaya, na hura da iska. Ban yarda da allura ko wayar ƙarfe ba, jet ɗin tagulla ne mai laushi, in ramin ya faɗaɗa ba ya komawa, inji ya dinga shan mai yana baƙanta fulogi. Ƙananan ramukan da ke cikin maƙogwaron kafireta su ma sai da na ga ruwan wankin yana fesowa ta kowanne.

Na wanke tanki, na haɗa sabon fetur da rabin lita na mai a lita 25, wato 50 da 1. Gwaji a cikin duro na yi, ruwa ya rufe ƙafar injin sosai, don robar famfon ruwa tana ƙonewa nan da nan in ta juya a bushe.

Abin da ya rage shi ne gwaji a kan tafkin Kainji da kaya, domin a duro ba a gane ƙarfin inji. In ya yi zafi ya fara yankewa, koyil zan koma wa. Akwai kuma ɗan tari da yake yi ta baya lokacin tashi, farfelarsa ma tana da tabon dutse, don haka zan nemi abin zare fulawul, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, in duba ko bugun dutsen ya sa ɗan makullin da ke riƙe shi ya goce. Duk wanda ya taɓa cire fulawul na irin wannan inji, ya gaya mini yadda ya riƙe shi bai juya ba lokacin kwance noti.