Talata, ni da Yaya da Soda Stereo

Ba wuta tun asuba. Na kai Umma kasuwa, na dawo na yi wanki.

Bayan la'asar ina kwance da iyafis a kunne sai Yaya ya zare ɗaya ya saka, ya ce "kai Auta wannan kuma wane yare ne?" Na ce Sifaniyanci ne Yaya, 'yan Ajantina ne, Soda Stereo. Wai to me nake ji a ciki. Na ce Yaya kai da kake rera waƙoƙin Indiya tun muna yara, Indiyanci kake ji? Ya yi dariya ya zauna.

Ni kuwa abin nema ya samu, na shiga zuba mai labari. Su uku ne, Gustavo Cerati mai waƙa da jita, Zeta Bosio, sai Charly Alberti mai ganguna, sun haɗu a Buenos Aires 1982, shekarar da ƙasarsu ta gwabza da Ingila kan tsibiran Falkland har aka daina sa waƙoƙin Turanci a rediyo, masu kiɗan rock da yaren gida suka samu fili, su kuma ba su tsaya gida ba, Chile, Peru, Meziko duk sun cika filaye, samarin can suka ga ashe za ka yi rock da harshen uwarka kuma a saurare ka. Na nuna mai bidiyon bankwanansu na 1997 a filin ƙwallon River Plate da ke Buenos Aires, jama'a ba masaka tsinke. A 2007 suka sake haɗuwa.

Sai ya ce "mai waƙar yana nan?"

Wlh da na sani ban amsa ba. Na ce a 2010 ya gama wasa a Caracas, babban birnin Venezuela, jini ya buge shi, shekara huɗu bai farfaɗo ba, mahaifiyarsa na ta zarya asibiti, ya mutu 4 ga Satumba 2014. Ina faɗa na ga fuskar Yaya ta canza. Baba wata takwas ya yi a kwance, Umma ke juya shi dare da rana, Yaya ke ɗaukarsa zuwa banɗaki, har yau ba ma zancen a gidan nan. Shekara huɗu fa. Ya wannan tsohuwa ta yi?

Ya miƙo min iyafis ɗin ya ce bari ya yi alwala, alhali magariba da saura.

An kawo wuta ƙarfe tara. Ban sake kunna waƙar ba.