Jika tara na biya saboda Al Capone

Har yau in na wuce ƙofar gidan Alhaji sai na ji raina ya ɓaci, kuma ba da shi nake fushi ba. Jika tara ya fita daga aljihuna, kuɗin kwaɗo uku sababbi, fadarmu ta unguwar Bukoki a Yamai ta yi wata biyu a rufe, duk a kan wasan da ba a zuba ko dala ɗaya a cikinsa.

Mu biyar ne. Ni ke jan labari, sauran huɗun kowa da mutumin da yake takawa, an rubuta halinsa da gwanintarsa a takarda. Belot ta ishe mu, shi ya sa na kawo wannan. Labarin a Amurka yake, lokacin da aka haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, su kuma ƙananan 'yan fasa-ƙwauri ne masu neman gindin zama a Shikago ƙarƙashin inuwar Al Capone, babban uban 'yan daba na birnin. Dokar jifa na aro ta daga wani wasan labari irin wannan mai suna Blades in the Dark: ka jefa ƙwayoyin lido gwargwadon gwanintarka, ka ɗauki mafi girma. Shida ka ci, huɗu ko biyar ka ci amma da tsada, ƙasa da haka ka shiga uku. Akwai kuma layin da na ja a gefen littafina na sa masa suna idon hukuma, duk ɓarnar da suka yi a fili sai in ƙara ɗigo.

Daren farko da na biyu sun tafi lami lafiya, sai dai sunaye sun hana ruwa gudu. In ce Windsor, a ce ina ne? In ce wiski daga Kanada ake tsallako da shi ta kogin Detroit, telan cikinmu ya ce shi ya ɗauka Detroit sunan mutum ne. A dare na uku na gaji. Na ce to ku ɗauka kogin nan namu ne, gadar kuwa Kennedy ce, ma'ajiyar abokan gaba kuma magaza ce a kasuwar Katako. Na yagi kwalin sukari na zana musu hanya, na sa alamar gicciye a kan magazar.

Abin haushi, daga nan wasan ya yi daɗi. Mutanen da ɗazu suke hamma suka miƙe zaune. Mai kabu-kabun cikinmu ya san kowane lungu, ya fara gyara mini taswira. Aka yi ta gardama a kan ko a sayi mai gadi ko a ɗaure shi, ƙarfe nawa kamiyo zai iso, wa zai riƙe bindiga a bakin gada. Shayi na uku ya huce babu wanda ya kula. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina ganin na gano sirrin jan labari.

Ban lura wuta ta ɗauke ba tun wajen sha ɗaya. Ba fanka, ba talabijin, unguwa tsit, zafi ya koro kowa tsakar gida. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Alhaji. Kuma Alhaji magaza gare shi a Katako, na sani sarai, tun ina yaro nake ganin yaransa suna lodi. Da na ce Wadata ma da sauƙi. Da na bar ta Detroit da babu abin da zai faru.

Da safe bayan an sauko daga masallaci Baba ya aiko ƙanena ya kira ni zaure. Na tarar da shi, da Alhaji, da mai unguwa, kwalin sukarina shimfiɗe a tsakiyar tabarma. A ƙarƙashin benci muka bar shi.

Mai unguwa ya ce, "Yaro, wannan zanen hannunka ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne, amma wasa ne."

"Wane irin wasa ne ake ɗaure mai gadi a cikinsa?"

Duk bayanin da na yi sai ya ƙara dagula lamarin. Na fito da ƙwayoyin lido, Alhaji ya ce ashe har da caca. Na ce kayan da za a sace ai ba na gaske ba ne, wiski ne na labari, Baba ya rufe ido ya yi salati. Cikin minti biyar na tashi daga ɓarawo na koma ɓarawo ɗan caca mai safarar giya. Ga halin da ƙasa take ciki, maganar bindiga da tsakar dare ba abin dariya ba ce ga kowa, kuma ban ga laifinsu ba. Alhaji ya riga ya tura a canja kwaɗunansa tun da asuba, yana kuma maganar komisariya.

Littafin nan nawa ne ya cece ni. Mai unguwa tsohon malamin lakwal ne, ya sa tabarau ya bi shi shafi-shafi. Ya ga kuɗi da dalar Amurka, ya ga 14 ga Fabrairun 1929 da na rubuta, ranar da aka harbe mutum bakwai a wani gareji a Shikago, ya ga inda na ajiye ƙarshen labarin a 1931, shekarar da aka yanke wa Capone ɗaurin shekara 11 a kan ƙin biyan haraji. Ya san sunan. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ɓarawon kirki ba ya rubuta wa kansa tarihi." Sannan ya nuna layin ɗigo-ɗigon ya tambayi ma'anarsa. Da na faɗa masa ya ce, "Kana ƙirga idon hukumar Amurka, ka manta kunnen maƙwabcinka."

Baba bai yi dariya ba. Shi ya yanke kuɗin kwaɗo da rufe fada, a gaban kowa.

Mun dawo wasa, yanzu a shagon tela bayan la'asar, ƙofa a buɗe. Sunayen waje sun koma yadda suke, na rubuta su manya-manya a kwali na jingine a keken ɗinki, wanda ya manta ya duba. Duk wanda ya tsaya kallo sai in dakata in gaya masa abin da muke yi kafin ya tambaya, taswira kuma a jakata take kwana. Gaskiya wasan bai kai daɗin wancan daren ba, su ma sun faɗa. Makon jiya mai kabu-kabu ya ce ko sau ɗaya a mayar da tashar jiragen ruwan Shikago ta zama Gamkale, ai babu mai ji. Na ce ya fara ajiye jika tara a kan tebur tukuna.