Abin da na gani bayan an manna min biniya a haƙoran gaba

Ni dai tun ina ƙarama haƙorana na gaba suke da tabo ruwan ƙasa, ba irin aswaki da man goge bakin da ban gwada ba, har gawayi da gishiri, ashe ba datti ba ne, likita ta ce sinadarin fuloraid ne ya yi yawa a ruwan da muka sha lokacin da haƙoran ke fitowa, tabon a cikin jikin haƙorin yake. Shekara da shekaru in zan yi dariya sai na kai hannu ko gefen mayafi baki.

Biniya wani siririn ɓawo ne na tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori. Guda huɗu aka yi min a sama. Amma fa ba ranar da na je aka fara ba, sai da aka wanke min baki aka jira dasashina ya daina jini, sannan aka yi min allurar kashe zafi aka kankare kamar rabin milimita daga kowane haƙori, aka ɗauki awo aka tura inda ake ƙerawa. Wannan kankarewar ita ce ban fahimci nauyinta ba sai daga baya, abin da aka cire ba ya tofowa, in biniyar ta lalace bayan shekara 10 ko 15 dole wata za a sake sawa. Sati biyun da na yi da na wucin gadi kuwa, ko ruwan randa na kurɓa sai na ji shi har ƙwaƙwalwa.

Wajen zaɓen kala na so fari fat, likitar ta ce min Hajiya duba na ƙasan naki tukuna, in aka sa wannan daga nesa za a gane. Na gode Allah da na ji maganarta. Inda na kafe shi ne da ta ce za a iya rufe wushiryata a haɗa da aikin, na ce a'a wallahi, wannan ta Inna ce na gada, a bar min ita.

Yanzu wata takwas kenan. Rake sai an yanka min ƙanana na tauna da turame, na daina fasa ƙashin kaza da cizon zare in ina ɗinki, aya busasshiya kam na haƙura da ita. Kullum dare ina sa robar da ta ba ni saboda ina cizon haƙora cikin barci.